Ranar da Na Turara Kanari

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin safiyar nan ba, ko da zan manta da sunayen duk malaman da suka koyar da ni. Sandal ne da hawi da kajiji, an soya su cikin narkakken sukari, an yayyafa musu wani turare da Gwaggona ba ta faɗa wa kowa sunansa. Har yau idan na shiga gidan biki na ji an zuba irinsa a kasko, sai in fara laluben ƙofa da ido. Wasu idan sun ji ƙamshi soyayya suke tunawa. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne ranar da na tsaya gaban malamai biyar ina karanta wautata da bakina, shafi na goma sha bakwai.

Bari in faro daga tushe.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a ne, a sashen kimiyyar lantarki. Kada mai karatu ya tambaye ni yadda aka yi na tsinci kaina a can, don ni irin yaran nan ce da ake aika sayen gishiri su tsaya kallon gajimare har miya ta ƙone. Gefen kowane littafina na lissafi cike yake da baitocin da ba wanda ya taɓa karantawa sai ni. Amma dai ina cin jarrabawa, kuma da aka zo rabon furojet, wato aikin binciken da kowane ɗalibi zai yi kafin ya kammala, sai Allah ya haɗa ni da abin da ya dace da halina: wani ɗan dutse mai waƙa.

To, ba waƙa yake yi ba, ni ce na ce haka. A cikin agogon hannu, da waya, da rediyon da mai gadi yake kangawa a kunne, akwai wani ɗan dutse da ake kira kiristal. Siriri ne kamar ɓawon albasa, faɗinsa bai kai maɓallin riga ba. Halinsa shi ne, idan aka matsa shi sai ya ba da lantarki, idan kuma aka ba shi lantarki sai ya kama karkarwa, sau dubbai ko miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, ba ya ƙari ba ya ragi. Da wannan karkarwar na'urori suke ƙirga lokaci. Aikina shi ne in gano yadda za a riƙe shi don karkarwar ta daɗe kafin ta mutu. Kamar dai kwanon silba ne: idan ka ɗaga shi da yatsu biyu ka ƙwanƙwasa, ƙarar za ta yi ta tafiya, idan ka rungume shi a ƙirji, nan take za ta mutu.

(Na rubuta waƙa a kan wannan, cewa duk abin da kake so kada ka matse shi. Na nuna wa Dokta Garba, malamin da ke duba aikina. Ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min, ya ce, “To. Ina awon da na ce ki yi?”)

Dokta Garba mutum ne da idan ya yi maka jimla uku a rana, to ranar salla ce. Amma ranar da ya damƙa min kiristal na farko, sai da ya yi huɗu.

“Kada ki taɓa shi da hannu. Kada ki yi numfashi a kansa. Kada ki yi atishawa kusa da shi. Ko maiƙon yatsanki ya hau shi, ya zama kaya a wuyansa.”

Wata huɗu na yi ina bin wannan doka kamar farilla. Safar hannu, takunkumi, da ɗan hantsaki. Ina buɗe gwangwanin ƙarfen da ake rufe kiristal a ciki, in ciro shi, in rage gam ɗin da aka manna shi da shi, in ɗora shi kan wasu siraran wayoyi biyu da suka kama shi a can bakin gefe. Goma sha ɗaya na fasa. Kowanne ya fashe sai na je bayan lab, wato ɗakin gwajinmu, na yi hawaye, na dawo. Na goma sha biyun ne ya zauna.

Yadda ake gwaji kuwa, akwai wata na'ura mai koren allo. Za a ba kiristal lantarki, a yanke, sai allon ya zana yadda karkarwar take raguwa har ta ƙare. Zanen yana fitowa kamar wutsiya. Doguwar wutsiya, aiki ya yi kyau. Gajera, an yi asara. Nawa da na gyara, wutsiyarsa ta ninka ta wanda ba a gyara ba har da ɗori. Ranar da na fara ganinta, doguwa siririya kamar ta ƙadangare, sai da na ji duniya ta yi min fari. Na sa masa suna Kanari.

Ƙawata Rifkatu ce ta raɗa wa ɗayan suna. Rifkatu iyayenta 'yan Kudancin Kaduna ne, amma a Tarauni cikin Kano aka yanke mata cibiya, kuma bakinta ya fi na kowa kaifi a ajinmu. Ta leƙa allon, ta dubi kiristal ɗin da ba a gyara ba, wanda ake ajiyewa a lab don kwatance, ta ce, “Idan wancan Kanari ne, wannan ai Kwaɗo ne. Malama mai waƙa, Allah ya sa kada ki aure shi kafin difens.”

Difens shi ne ranar da ɗalibi zai tsaya ya kare aikinsa gaban malamai. A shekararmu baƙuwa aka gayyato daga wata jami'a, wata Farfesa da labarinta ya riga ta isowa. An ce ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ce, “Nuna min.” Idan ka nuna ya yi, shi ke nan. Idan bai yi ba, sai baɗi. Ni kuma “sai baɗi” ba zai yiwu a gidanmu ba, domin Gwaggo Asabe ta riga ta fitar da ankon walimar kammala karatuna. Atamfa ce ruwan ganye mai zanen tsuntsaye. Dangi na Daurawa sun ɗinka, na Ƙauyen Alu sun ɗinka, har matan layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi sun karɓo nasu daga tela. Idan na faɗi, mata wajen arba'in za su naɗe atamfa su sa a akwati, kuma duk ranar da suka buɗe akwatin, sunana zai fito.

Gwaggo Asabe yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi, kuma sunan mahaifiyarta aka sa min, don haka “Uwata” take kirana. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra na amare. A gidanmu ba abin da yake fita ƙofa bai sha hayaƙi ba. Labule, darduma, jakar makaranta, takardar haihuwata. Kyanwarmu ma idan ta shiga maƙwabta, ba sa tambayar ta wane gida ce.

Ana gobe difens na ɗauko Kanari daga lab a cikin akwatinsa, wani ɗan akwatin katako da na shimfiɗa wa soso a ciki. Kwaɗo kayan sashe ne, shi aka bar shi a can. Na biya gidan su Rifkatu muka yi bitar jawabinmu, ita tana zama Farfesa da tabarau ɗin babanta, tana ce min, “Nuna min,” har mamanta ta leƙo ta ce mu yi a hankali kada mu kashe kanmu da dariya. Da la'asar na tari adaidaita zuwa gida.

A bakin kasuwar Tarauni direban ya tsaya ya ɗauki wata baiwar Allah mai kwanduna biyu na bandar kifi. Ɗaya ta sa a ƙasa. Ɗayan kuwa ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, “'Yan mata, ɗan riƙe min, Allah ya ba ki miji nagari.” Kafin in buɗe baki, kwando yana kan cinyata, a kan akwatin Kanari. Ni kuma ban iya ce wa babba a'a ba. Ga cunkoso. Daga nan zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, muka yi fiye da rabin awa, ita tana ba ni labarin surukarta, ni ina addu'a a zuci.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe akwatin don in gaishe da Kanari. Shi dai yana nan lafiya, yana ƙyalli a kan wayoyinsa. Amma sosan nan ya sha kifi ya ƙoshi.

Gwaggo ta shigo da kaskon garwashi a hannu, ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta buɗa hanci.

“Uwata, me ya mutu a ɗakin nan?”

“Furojet ɗina ne, Gwaggo.”

“Furojet ɗin ne ya mutu?”

“A'a, kifi ya shaƙa.”

Ta matso, ta sunkuya, ta ja da baya da sauri. “La'ilaha illallahu. Da wannan za ki je gaban manyan mutane? Ki buɗe musu wannan? A ce 'yar gidan Asabe mai turare ce?”

Nan fa zuciyata ta fara zana min hoto. Ga Farfesa ta sunkuyo, ga ni na buɗe murfi, ga ƙarnin banda ya daki fuskarta. Duk waƙoƙin da na yi wa Kanari, a ce ranar fitarsa ta farko da warin tarwaɗa zai fita? A tsakar ɗaki kuwa Gwaggo ta riga ta kifa kabbasa a kan kasko, wato kwandon nan da ake baza tufafi a kansa su sha hayaƙi, ta lulluɓa abayata a sama. Hayaƙi yana fitowa ta gefe a hankali, fari, mai laushi, yana murɗawa kamar rubutun ajami. Na tsaya ina kallonsa. Sai wata dabara ta faɗo min.

Ina so mai karatu ya lura da wannan wurin, domin na sha so in ɗora wa Gwaggo laifin, amma gaskiya ba ta bari. Ni na ɗauki akwatin. Ni na buɗe murfin da hannuna (da safar hannu, don Allah a shaida, har da takunkumi). Ni na ɗaga gefen abaya na tura shi ƙarƙashin kabbasa. Gwaggo, wadda ko aji ɗaya na boko ba ta yi ba, ita ce ma ta riƙe min hannu.

“Anya, Uwata? Ba kin ce ko numfashi ba ya so ba? Ba zai ɓaci ba?”

Na yi mata irin murmushin nan na 'yan jami'a, wanda ya kamata a riƙa marin mutum a kansa. Na ce, “Gwaggo ke nan. Numfashi ai da danshi a cikinsa. Shi kuwa ƙamshi ba shi da nauyi. Ƙamshi ruhin itace ne.”

“To,” in ji ta, “ku ne masu ilimi.” Ta ƙara garwashi.

Minti ashirin ya yi a ciki. Da na ciro shi, babu kifi babu labarinsa. Na rufe, na rungume, na fita ina jin kaina kamar uwar amarya.

Ni ce ta huɗu a layi. Ɗakin taron sashe ne, malamai biyar a dogon tebur, 'yan ajinmu a baya sun cika kujeru. Farfesa tana tsakiya, 'yar dattijuwa ƙarama da farin mayafi, tana juya biro a yatsu. Dokta Garba yana can ƙarshen tebur. Ya riga ya ja min kunne cewa in shiga batun kai tsaye, ban da adabi. Na ce to.

Da na tashi, sai na ji bakina yana cewa, “Kowane abu da Allah ya halitta yana da muryarsa, sai dai mu ne muke danne ta da riƙonmu.”

Dokta Garba ya rufe ido.

Na ci gaba. Na bayyana aikin, na nuna zane-zane, kuma wallahi na yi ƙoƙari. Da daɗin bakin ya ɗebe ni, har na gaya musu sunayen. Na ce yanzu za su ga bambancin Kwaɗo da Kanari. Aka yi 'yar dariya. Farfesa ba ta yi ba. Ta ajiye biro ta ce, “Nuna min.”

Na fara da Kwaɗo. Na jona shi, na ba shi wuta, na yanke. Wutsiyarsa ta fito yadda ta saba, ba yabo ba fallasa. Na ce, “Wannan ke nan kafin gyara.” Sannan na juya ga akwatina, na buɗe murfi a hankali kamar mai buɗe lefe.

Ƙamshi ya tashi.

Ba ƙaramin ƙamshi ba. Sosan da ya sha kifi jiya, yau ya sha haɗin Gwaggo na amare, ga shi an rufe shi awa uku a cikin zafi. Fanka ta ɗauka ta raba wa kowa. Wani malami mai furfura ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, kamar yana jiran a shigo da amarya. Daga can kujerun baya na ji wani ɗan ajinmu ya yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa a raina cewa nake, alhamdulillahi, ba kifi.

Na jona Kanari. Na ba shi wuta. Na yanke.

Abin da ya fito a allon, ko akuya ba za ta yarda a kira shi wutsiya ba. Wani ɗan guntun abu ne, ya ɗaga kai ya faɗi. Kwaɗo ya ninka shi sau nawa.

Na ce, “Afuwan, waya ce ba ta zauna ba.” Na gyara waya. Guntu. Na ce, “Wataƙila wutar ce ba ta da ƙarfi.” Wani malami ya ce ai da janareto ake aiki, kuma yanzun nan Kwaɗo ya yi waƙarsa da ita. Aka fashe da dariya. Na ce to ko na'urar ce ta yi zafi. Na kashe, na kunna, na ɗan bubbuga mata gefe kamar tsohuwar talabijin. Guntu. Gumi ya karyo min tun daga tsakiyar kai, yana bin bayana, shi ma da ƙamshinsa. A idona ba allo nake gani ba, mata arba'in nake gani suna naɗe atamfa ruwan ganye.

Farfesa ta taso. Ta zagayo tebur ba gaggawa, ta sunkuya kan akwatin, ta ɗaga tabarau. Ta karkata Kanari wajen hasken taga da hantsaki. Sai a lokacin na gani: fuskarsa da take fara tas kamar ruwa ta yi wani dishi-dishi, ruwan zuma. Ta kai hanci, ta shaƙa, ta lumshe ido.

“Sandal,” in ji ta. “Da hawi. Akwai kajiji.” Ta sake shaƙa. “Wanda ya haɗa wannan ya san hannunsa. 'Yata, turara shi kika yi?”



Na ce, “Kifi ne, ranki ya daɗe.”

“Kifi?”

“A adaidaita. Wata mata. Sai na ga... kada ya zo gabanki da ƙarni.”

“A kabbasa?”

“A kabbasa, ranki ya daɗe.”

Ban san wanda ya fara ba, amma sai da malamin nan mai furfura ya cire hula ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Rifkatu ta cusa gyale a baki, hawaye yana zubo mata. Dokta Garba kuwa silin yake kallo, kamar mai neman hanyar fita ta sama.

Farfesa ta koma kujerarta, ta jawo kundin aikina, ta buɗe ba tare da ta yi lalube ba. Ashe ta karanta shi tsaf. Ta miƙo min.

“Shafi na goma sha bakwai. Sakin layi na biyu. Karanta mana da ƙarfi.”

Na karɓa. Na karanta, da muryata, abin da ni na rubuta: “Duk wani abu da ya sauka a fuskar kiristal, komai ƙanƙantarsa, ko da ido ba ya ganinsa, yana ƙara masa nauyi, ya rage saurin karkarwarsa, ya kashe ta da wuri. Don haka wajibi ne a nisanta shi daga maiƙo, da ƙura, da danshi, da...”

Na tsaya.

“Da me?” in ji Farfesa.

“Da hayaƙi, ranki ya daɗe.”

“Wa ya rubuta?”

“Ni ce.”

Da ƙasa tana amsa roƙo, da ranar ta tsage na shige har da akwatina. Ni da na rubuta hayaƙi, hayaƙin janareto nake nufi, da na shara, da na bayan tifa. Ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina ba cewa abin da ke tashi daga kaskon Gwaggo shi ma hayaƙi ne, mai sukari da mai da danƙo, irin wanda yake sa silin ɗakinta ya yi ja duk shekara.

Sai Farfesa ta yi wani abu da ban gane ba. Ta ce a nuna mata adadin karkarwar Kanari a yanzu. Aka nuna, ya sauka daga yadda yake a kundina. Ta rubuta duka biyun a ɗan littafinta.

“Minti nawa ya yi a ciki?”

“Ashirin.”

“Kasko ɗaya?”

“An ƙara garwashi sau ɗaya.”

Ta rubuta wannan ma. Na ce a raina, shi ke nan, hujjar kora take tarawa.

Ta rufe littafin ta ce, “Awon da ke cikin kundinki na yarda an yi shi, amma ni sai na gani. Dokta, a ba ta sifirit ta yi masa wanka. Idan mun gama da na ƙarshe ta dawo. In wutsiya ta fito, ta fito. In ba ta fito ba, mu haɗu baɗi.”

Haka na kwashi akwatina na ratsa tsakiyar 'yan aji, ƙamshi yana bina kamar jela. A lab na zauna ina tsoma Kanari a sifirit, ina cirowa, ina jira ya bushe, ina kuka a cikin takunkumi don kada hawayen ma su zama wani sabon laifi. Rifkatu ta gama nata ta same ni. Ta zauna a gefena, ta dafa ni. Sannan ta ce, “Ƙawata, tambaya ɗaya. Lalle fa? An sa masa, ko sai ranar kamu?”

Na yi dariya da majina, na ce ta fita kada ta yi masa numfashi.

Wanka uku na yi masa. Bayan azahar na koma. Ban ce komai a kan muryar halittu ba. Na jona, na ba shi wuta, na yanke, na rufe ido. Sai na ji Dokta Garba ya ce, “To.” Na buɗe. Wutsiya ta dawo. Ba ta kai tsawonta na da ba, amma ta wuce ta Kwaɗo nesa, kowa ya gani. Farfesa ta gyaɗa kai, ta yi rubutu. Makin da na samu ba shi na yi mafarki ba, amma ya isa a sa anko.

Ina tattara kaya ta kira ni gefe, ta rage murya. Na ce wata nasihar ce. Sai ta ce, “Wa ya haɗa turaren nan?”

Da na koma gida na zayyana wa Gwaggo komai, ina jiran ta ce ai ta faɗa min. Ba ta ce ba. Ta ajiye ludayin da take juya sandal da shi, fuskarta ta washe.

“Kika ce har sai da aka yi masa wanka uku?”

“Uku, Gwaggo.”

“Kuma bai gama fita ba?”

“Bai gama ba.”

Ta tafa hannu. “Allahu Akbar! Ni dai na san haɗina yana kama jiki, ashe har dutse yake kamawa!”

Ranar walima, duk macen da ta shigo da atamfa ruwan ganye sai da ta ji labarin. Har yau idan uwar amarya ta zo tana tantamar ko turaren zai daɗe a kaya, Gwaggo cewa take, “Hajiya, an gwada shi a jami'a.”

Abin da na koya a lokacin bai wuce wannan ba: idan tsohuwa ta riƙe miki hannu ta ce “anya”, to ki ajiye digirinki a gefe ki saurare ta, kuma abin da kika rubuta a littafi, yana aiki har a ɗakin gwaggonki.

Sauran kuwa sai bayan shekara uku na sani. Ina karatun digiri na biyu a wani gari, wani matashin malami ya shigo zai koya mana darasi a kan na'urorin gano iskar gas da hayaƙi. Ya ce ana ɗaukar kiristal tsirara, a bar abin da ke yawo a iska ya sauka a kansa da gangan, sai a duba yadda karkarwarsa ta ragu, a san nauyin abin da ido ba ya gani. Sikeli ne guda, in ji shi, har ana yin hancin lantarki da shi, mai bambance wari da wari. Na zauna baki buɗe. Ashe lambobin da Farfesa ta rubuta ranar ba na kora ba ne, awo take ɗauka. Ashe ba tare da na sani ba, na auna nauyin turaren Gwaggo a gaban malamai biyar.

Sai malamin ya yi murmushi ya ce, “Farfesar da ta koyar da ni, duk shekara da labari ɗaya take buɗe wannan darasi. Wai wata yarinya ce a Kano ta ɗauki kiristal ɗinta kamar amarya. Kwana bakwai tana turara shi, ta shafa masa humra, ta kawo shi difens tana guɗa.”

Aji ya kece da dariya. Na taya su, har na fi kowa. Ta kusa da ni ta share hawaye, ta ɗan matso, ta shinshina mayafina, ta ce, “'Yar'uwa, don Allah wane turare ne wannan?”

Na ce ban sani ba, kyauta aka ba ni.

Amma tunda yau na samu wurin faɗa, ina so a rubuta a ajiye: minti ashirin ne kacal, ban shafa masa humra ba, kuma guɗar ba ni na yi ba.